Tulun Giya A Ɗakin Amarya, Turmi A Bayan Gida

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, kwanan baya na je ganin ɗaki a wani gida cikin birni, sai aka kawo mana zoɓo a cikin wani tulun gilashi mai dogon wuya da faffaɗan gindi. Mata suna ta yaba kyansa. Ba wadda ta tambayi abin da aka ƙera shi dominsa.

To, bari in faɗa muku. Turawa suna juye giyar inabi a cikinsa don gurɓin da ya kwanta a gindin kwalba ya tsaya can, kuma iska ta ratsa giyar. Faɗin gindin nan duk don iskar ne. Zoɓo fa, me zai yi da iska? Abin da yake so sanyi ne, kuma randar ƙasa ta san aikinta tun zamanin kakanni. Mu da ba mu sha, mun ɗauko kayan mashaya mun jera don a ce mun waye.

Abin takaicin ma yana gaba. Da aka kawo garau-garau, yajin da ke kai barkono ne da ɗunƙule da gishiri kawai. Ina citta, ina masoro, ina kimba da kanumfari? Ina daddawar kalwa? Duk suna nan jibge a Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Amma amarya ta ce warin daddawa ƙauyanci ne, daka kuma aikin tsofaffi.

Ku dubi mutanen Indonesiya, Musulmi ne akasarinsu kamar mu. Barkono baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu, don daga nahiyar Amurka ya fito, 'yan kasuwar Turai suka yaɗa shi a ƙarni na 16. Suna da nasu yajin mai ruwa-ruwa da suke kira sambal. Suna niƙa ɗanyen barkono da gishiri da albasa a ɗan turmin dutse, su sa terasi, wato jatan lande da aka ruɓar aka busar, wanda warinsa bai gaza na daddawa ba. Talaka yana ci da shinkafa, attajiri ma haka, kuma ba wanda ke jin kunya. Mu kuwa taliyarsu ta Indomie kaɗai muka karɓa, muka bar darasin.

Wani zai ce zamani riga ne, kuma matar da ke zuwa makaranta ko ofis ba ta da lokacin daka. Na yarda da rabin maganar. Amma yaji ba tuwo ba ne da ake yi kullum. Daka ɗaya ko niƙa ɗaya a inji ya isa wata guda. Wadda ta sami yinin zagaye kasuwa tana zaɓen gilashi ba ta rasa awa biyu ba. Kuma ranar da ta haihu, yajin jego mai daddawa za a nemo mata, tulun nan ba zai fito daga kabad ba.

Mu da muke kiran kanmu masu kishin Hausa, kishin bai tsaya ga waƙa da karin magana ba. Idan kun je gida hutu, ku zauna da iyayenku mata ku rubuta haɗin yajin gidanku, da sunan kowane sinadari da ma'auninsa, kafin masu sanin su tafi da shi. Allah Ya sa mu gane, amin.