Sharhi: Tabar Wiwi a Hannun Ɗalibanmu

Sharhinmu na yau a kan tabar wiwi ne, da yadda take shiga aljihun ɗalibai a Wurno da Rabah da Goronyo.

Galibin wiwin da ake sha a Najeriya daga dazukan Ondo da Edo da Delta take fitowa, a ɓoye ta cikin kaya, ta iso mana a ƙananan ƙulli. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne ke shan ta, fiye da duk wani haramtaccen abin maye.

Da ƙarya ake jan ɗalibi. Aboki zai ce masa tana buɗe kai, tana sa a daɗe ana karatu. Gaskiyar magana, sinadarin THC da ke cikinta yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe abin da aka koya, alhali ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Sai yaro ya kwana a kan littafi, ya shiga ɗakin jarrabawar NECO ya tarar ruwa ya zuba a kwando. Wanda kuwa ya fara da ƙuruciya, ya kuma yawaita, ya fi kusa da taɓin hankali.

Iyaye, alamun ba su ɓuya. Yaro zai dawo bayan isha'i idanu jajur, ya bulbule rigarsa da turare, ya cinye tuwon mutum biyu. Kuɗin tara ba ya isarsa, shinkafar da aka noma a fadama tana raguwa tiya-tiya, abokan hirarsa sun canza.

Abin da ya fi damun mu shi ne shirun gida. Kunyar kada a ji ta sa wasu iyaye na rufe zancen har abin ya yi nisa, sannan a koma duka da tsinuwa da ɗaure yaro da mari. Wannan ba ya warkarwa. Akwai inda za a nemi taimako: asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin tarayya yana nan Kware, kusa da mu. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kama dillalai, tana ba masu shaye-shaye shawara.

Wurno ce ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, malamin da ya yi rubutu har a kan magani. Rabah ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Da lafiyayyen hankali suka yi aikin da muke tinƙaho da shi, kuma hankalin nan ne wiwi ke ci a jikin 'ya'yanmu.

Don haka uba, yau da dare ka kira ɗanka, ka zaunar da shi, ka tambaye shi cikin natsuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sharhin ke nan. Allah Ya shirya mana zuri'a.