KWANA 412 A KULLE: KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

A ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2020 aka garƙame ƙofofin Disneyland, wani katafaren filin wasa da shaƙatawa da ke garin Anaheim a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, saboda annobar korona. Ba a sake buɗe shi ba sai ranar 30 ga Afrilun 2021, wato kwana 412 cur. Tun da aka kafa wurin a 1955 bai taɓa ganin irin wannan ba. Ko lokacin makokin shugaba Kennedy a 1963, da ranar harin 11 ga Satumban 2001, yini guda aka yi a rufe, kashegari aka koma harka.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan wani da gidan lilo da majaujawa a can wata uwa duniya? Lallai kam da lilon ne kaɗai da babu abin ɓata tawada. Amma bayin Allah sama da 30,000 ne ke neman abincinsu a cikin wurin nan: masu shara, masu girki, masu wanki da guga, masu gadi, direbobi, da masu gyaran ɗakunan otal. Wani bincike da Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Fullerton ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa wurin na juya dala biliyan 8.5 a shekara a kudancin jihar, kuma ayyuka kimanin 78,000 ne ke rataye a wuyansa, in aka haɗa da otal-otal da gidajen abinci da motocin haya da ke kewaye da shi. Saboda haka ranar da aka sa kwaɗo a ƙofar nan, tukunyar gari guda aka sauke daga kan murhu.

Abin da kafafen watsa labarai suka yi ta yayatawa a lokacin shi ne wai faɗa ne tsakanin manya biyu. Ga gwamnan jihar, Gavin Newsom, yana cewa shi rayukan jama'a yake karewa. Ga kamfanin Disney yana cewa shi ayyukan jama'a yake karewa. Kowannensu da sunan talaka yake rantsuwa. Ya kamata 'yan uwa matasa su natsu su bi wannan labari daki-daki, don su ga abin da kowane ɗayansu ya yi wa talakan nan da yake rantsuwa da sunansa.

Tun a watan Afrilun 2020 kamfanin ya tura dubun-dubatar ma'aikatansa hutun dole ba albashi. A jihar Fulorida, inda yake da wani filin da ya fi wannan girma, gwamna Ron DeSantis ya ba da hanya, aka buɗe a ranar 11 ga Yuli. Kashegari jihar ta ba da sanarwar mutum sama da 15,000 sun kamu da cutar a yini ɗaya, adadin da babu jihar da ta taɓa kaiwa kafin nan. A Kalifoniya kuwa kamfanin ya sa ranar 17 ga Yuli, amma gwamnati ta ƙi fitar da ƙa'idojin buɗewa, ala tilas aka ɗage. Sai a ranar 20 ga Oktoba ƙa'idojin suka fito. Jihar ta riga ta kasa gundumominta kashi huɗu gwargwadon yaɗuwar cutar, daga shunayya zuwa ja, zuwa ruwan goro, zuwa rawaya. Aka ce manyan filayen wasa ba za su buɗe ba sai gundumarsu ta kai rawaya, wato sai masu kamuwa sun gaza mutum ɗaya cikin 100,000 a kowace rana, ko a nan ma kashi 25 cikin ɗari na 'yan kallo kawai za a bari su shiga. Wanda duk ya san halin da ake ciki a lokacin ya san ma'anar wannan sharaɗi ita ce sai baba ta gani.

Kafin nan, a ranar 29 ga Satumba, kamfanin ya ba da sanarwar sallamar ma'aikata 28,000, daga baya adadin ya kai 32,000. Shugaban sashen filayen wasa na kamfanin, Josh D'Amaro, ya fito ƙarara ya ɗora wani kaso na laifin a kan gwamnatin Kalifoniya, wai ƙin sassautawar da ta yi ne ya ƙara dagula al'amarin. Ba a yi kwana uku ba aka ji uban tafiyar kamfanin, Bob Iger, ya fice daga kwamitin farfaɗo da tattalin arziki da gwamnan ya sa shi a ciki. Wato dai an yi fushi.

Abin tambaya a nan shi ne, ina aka fi sallamar mutane? Daga cikin 28,000 ɗin nan, kimanin 18,000 a Fulorida suke, jihar da ta buɗe ƙofa tun watan Yuli. Ashe buɗe ƙofa bai hana kora ba. Dalilin kuwa a fili yake. Jama'a na tsoron cuta, jiragen sama ba sa tashi kamar da, baƙi daga ƙasashen waje ba sa shigowa, kuma ko ina an rage yawan masu shiga. Ciniki ya ja baya, kamfani ya duba littafinsa ya ga inda ya fi sauƙin yankewa, ya yanke. Kashi biyu cikin uku na waɗanda aka sallama masu aikin wucin-gadi ne, wato mafi rauni a cikin raunana. Sannan wata guda kacal kafin wannan sanarwa, a watan Agusta, kamfanin ya maido wa manyan jami'ansa cikakken albashinsu da aka zaftare a farkon annobar. Har sai da 'yar majalisar dattawa Elizabeth Warren ta rubuta masa takarda tana neman bayani a kan haka. Ba a musun cewa kamfanin ya yi asara, don ya rufe shekarar kuɗinsa ta 2020 da faɗuwar kusan dala biliyan 2.8, abin da ya yi shekara arba'in bai gani ba. Amma wanda ya yi asarar riba da wanda ya yi asarar kuɗin haya da na abincin 'ya'yansa ba asara ɗaya suka yi ba.

Su kuwa ma'aikatan, gaba kura baya sayaki. A watan Yuni ƙungiyoyin ƙwadago masu wakiltar mutum kimanin 17,000 sun rubuta wa gwamna suna roƙon kada a yi gaggawar buɗewa, don ba su gamsu da tanadin da aka yi wa lafiyarsu ba. A watan Oktoba waɗannan ƙungiyoyin dai su ne suka koma suna roƙon a sassauta a buɗe. Me ya canja a tsakani? An ƙara tanadin kariya, gaskiya ne. Amma kuma ƙarin dala 600 da gwamnatin tarayya ke bai wa marasa aiki kowane mako ya ƙare a ƙarshen Yuli. Cuta na nan inda take, aljihu ne ya bushe. A garin Anaheim ɗin nan, a harabar dandalin wasanni na Honda Center, an ga motoci sun yi dogon layi don karɓar kwalin abinci na sadaka.

A yi wa gwamna adalci, tsoron da ya ji ba na banza ba ne. A watan Disamban 2020 asibitocin kudancin Kalifoniya sun cika maƙil, har hukuma ta bayyana cewa babu sauran gado a sassan masu jinya mai tsanani. A Janairun 2021 gawawwaki suka yi yawa a gundumar Los Angeles har aka ɗage dokar da ta taƙaita yawan ƙona gawa. Da a ce an tara dubban mutane kafaɗa da kafaɗa a layin lilo a daidai wannan lokaci, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Rufewar tana da hujja. Inda gizo ke saƙar shi ne, wanda ya hana mutum fita nema, ciyar da shi ta hau kansa. To a nan ne gwamnatin ta ba da kunya.

Kwana ɗaya tak bayan sanarwar kora, a ranar 30 ga Satumba, gwamna Newsom ya hau kujerar na-ƙi a kan wani ƙudurin doka da majalisar jihar ta zartar, wanda zai tilasta wa otal-otal da makamantansu su fara da maido tsofaffin ma'aikatansu in al'amura sun daidaita. Hujjarsa wai nauyin zai yi wa masu kamfanoni yawa. Sai a Afrilun 2021 ya sa hannu a kan wata doka mai kama da ita, bayan mutane sun yi wata shida ba su san matsayinsu ba. Ita kuwa hukumar jihar mai biyan tallafin marasa aiki, labarinta ya fi ban takaici. A watan Satumban 2020 takardun mutum wajen miliyan 1.6 ne ke jibge ba a biya ba, har ta rufe karɓar sababbi na mako biyu. A can gefe kuwa 'yan damfara na ta kwasa. Daga baya hukumar da bakinta ta amsa cewa aƙalla dala biliyan 20 ta tafi hannun mazambata, har da waɗanda suka karɓa da sunan fursunonin da ke jiran hukuncin kisa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga kullen Kano da Kaduna a 2020, ya kuma ga yadda a watan Oktoban shekarar aka fasa rumbuna a Jos da Legas da wasu garuruwa aka tarar da kayan tallafi jibge. Bambancin yawan kuɗin ne kawai.

Sannan ga wanzamin da ba ya son jarfa. A ranar 6 ga Nuwamban 2020, mako biyu da 'yan kwanaki bayan ya gindaya waɗancan sharuɗɗa, aka ga gwamnan a wani gidan abinci na alfarma mai suna French Laundry a yankin Napa, yana liyafar zagayowar ranar haihuwar wani amininsa mai sana'ar kamun ƙafa a wajen mahukunta, kafaɗa da kafaɗa da mutanen gidaje daban-daban, babu ƙyallen rufe hanci. A daidai lokacin gwamnatinsa na yi wa jama'a wa'azin kada su taru. Da hotuna suka fito ya ba da haƙuri. Mai sharar Disneyland da ya yi wata bakwai a gida yana kallo.

Ita ma hukumar garin Anaheim ta ɗanɗana kuɗarta. Harajin kwanan otal shi ne ƙashin bayan baitulmalinta, da baƙi suka ɗauke ƙafa sai ga giɓin sama da dala miliyan 100, dole a 2021 ta nemi bashi, wanda mazauna garin ne za su biya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan garin ne a 1996 ya amince da cin bashin dala miliyan 510 don ƙawata yankin filin wasan, ciki har da ginin ajiye motoci na sama da dala miliyan 100, wanda ya bai wa kamfanin haya a kan dala ɗaya tak a shekara, kuɗin ajiye motar kuwa aljihun kamfani suke shiga. Gari ya jingina rayuwarsa kacokan a kan kamfani guda, ranar da kamfanin ya yi atishawa kowa ya kwanta.

To da ƙura ta lafa wa aka samu a ƙasa? A watan Maris na 2021, alhali ƙofar Disneyland na nan a garƙame, farashin hannun jarin kamfanin ya haura dala 200, matsayin da bai taɓa kaiwa ba a tarihinsa, saboda mutanen da aka kulle a gida sun koma kallon fina-finansa ta intanet, har masu biyan kuɗin Disney+ suka kai miliyan 100. Da aka buɗe, aka soke tsarin tsallake layi na kyauta aka mai da shi na kuɗi. Tikitin yini guda da ya tsaya a dala 154 a ranakun cunkoso kafin annoba, ya wuce dala 200 a 2024. Gwamna kuwa, 'yan adawa sun kai shi ƙuri'ar kiranye a Satumban 2021 ya tsallake da sama da kashi 60 cikin ɗari, aka sake zaɓensa a 2022. Manyan da suka yi ta nuna wa juna yatsa babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Abin da ma'aikatan suka samu kuwa, da ƙarfin haɗin kansu suka ƙwato shi. A Yulin 2024 ƙungiyoyin ƙwadago masu wakiltar ma'aikata kimanin 14,000 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki, kashi 99 cikin ɗari na masu ƙuri'ar suka ce a tafi. Ba a kai ga yajin ba kamfani ya sauko, mafi ƙarancin albashi ya koma dala 24 a awa. Akwai kuma tsohuwar shari'a. A 2018 mutanen Anaheim sun zaɓi wata doka da ta ce duk kamfanin yankin da ke cin tallafin gari sai ya biya aƙalla dala 15 a awa daga Janairun 2019, ana ƙarawa duk shekara. Disney ya ce shi dokar ba ta hau kansa ba, wai ba ya karɓar tallafi. Ma'aikata suka garzaya kotu a ƙarshen 2019. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta zaƙulo yarjejeniyar nan ta 1996 ta ce wannan tallafi ne. A Disamban 2024 kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 233 ga ma'aikata wajen 50,000, bashin albashin da aka fara lissafinsa daga Janairun 2019, wata goma sha huɗu kafin a sa kwaɗo a ƙofar.