"Aikin Shaiɗan Ne": Uzurin Da Addinin Kirista Bai Yarda Da Shi Ba

Duk ɗan Arewa da ya daɗe yana neman abinci a Kurmi, ko a Agege ne, ko Sabo ta Ibadan, ko kasuwar Anacha, ya san wata magana da akan yi in an kama mutum dumu-dumu da laifi. Yaron kanti ya kwashe kuɗin ciniki, ko direba ya karkatar da buhunan albasa, ko wanda aka ba goro bashi ya ɓace wata uku. Ran da aka ritsa shi sai ya durƙusa ya ce aikin Shaiɗan ne. Har a gaban alƙali ana faɗin haka. Da yake da yawa daga cikin abokan hulɗa a nan Kirista ne, sai wasu 'yan Arewa suka ɗauka haka addinin ya koyar, watau Shaiɗan ke sa laifi, Almasihu kuma ya riga ya ɗauke zunubi, saboda haka babu sauran abin biya. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ɓarnarta biyu ce: mai haƙƙi ya yi ta zagin addinin mutane a banza, mai laifi kuma ya sami wurin ɓuya.

Tambayar daga ina mugunta ta fito tsohuwa ce a wurin Kirista, wanda ya fi shahara wajen amsa ta kuwa mutumin Afirka ne. Shi ne Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya zama bishop na birnin Hippo, ya rasu a 430. Yana saurayi ya yi kimanin shekara tara cikin ɗarikar Mani, masu cewa ikoki biyu ne ke kokawa tun fil'azal, na haske da na duhu, kuma in mutum ya yi saɓo ikon duhun ne ya yi a cikinsa. Ashe dai uzurin nan ba a kasuwannin Ikko aka fara shi ba. Agustin ya bar wannan aƙida, ya ƙaryata ta da alƙalaminsa shekara da shekaru. A koyarwarsa Allah ɗaya ne, duk abin da ya halitta mai kyau ne, mugunta kuwa tawaya ce da ke samun abu mai kyau. Alal misali, yagewar da ke jikin riga ba masaƙi ne ya saƙa ta ba. To, wa ya yage? Amsar Agustin ita ce nufin mutum, sa'ad da ya juya wa Mahalicci baya ya bi abin da bai kai ba. Har ya ba da labarin kansa, yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka sace 'ya'yan itace kusa da gonarsu, ba don yunwa ba, suka zuba wa aladu. Bai ɗora wa kowa laifin ba sai zuciyarsa.

Littafin Farawa ma haka ya nuna. Da aka tuhumi Adamu sai ya nuna matarsa, ita kuma ta nuna maciji, amma hukunci ya hau kan su uku duka. Wasiƙar Yaƙubu kuma ta bayyana cewa Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, sha'awar mutum ce ke jansa.

Akwai wani abu a ƙasar Yarbawa da ya ƙara dagula lissafi. Da aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci a ƙarni na 19, aikin da Samuel Ajayi Crowther ya jagoranta, sai aka sa sunan Eshu a gurbin Shaiɗan. Shi kuwa Eshu a addinin gargajiya ɗan aike ne mai gwada mutane a mararraba, kuma masu bin wannan addini suna ƙorafi a kan fassarar har yau. Ko ta wace hanya aka bi, sunan ya zama abin rataya wa laifi a bakin talaka.

Inda Kirista suka yi sabani da gaske shi ne ko mutum yana da ikon zaɓen alheri da kansa. Wani malami mutumin Birtaniya, Felajiyus, ya ce yana da shi sarai, domin Allah ba zai umarci bawa da abin da ba zai iya ba. Agustin ya ce a'a, zunubin Adamu ya raunana zuriyarsa duka, sai da alherin Allah mutum ke miƙewa. Taron bishop-bishop a Kartaj a 418 ya goyi bayan Agustin. Amma gardamar ba ta mutu ba. A 1524 Irasmus ya rubuta littafi yana kare 'yancin nufi, a 1525 Martin Luta na Jamus ya mai da masa martani mai zafi, har ya kamanta nufin mutum da dabbar hawa wadda ko Allah ke kanta ko Shaiɗan. Lalle a nan mai uzuri zai ga kamar ya sami abin riƙewa. Sai dai shi Luta ɗin ya ce ba a jan mutum da wuya zuwa saɓo, da son ransa yake yi. Jon Kalbin na Janiba ya koyar da cewa Allah ya riga ya zaɓi masu tsira, duk da haka ya ce halakar mai halaka daga ɓacin kansa take. Almajiran Arminiyus na ƙasar Holan suka ce mutum yana iya karɓar alherin Allah ko ya ƙi, taron Dot na 1618 zuwa 1619 ya ƙaryata su, daga baya Jon Wesli mai ɗarikar Metodis ya ɗauki ra'ayinsu. Katolika kuwa a taron Tirent sun yanke a 1547 cewa nufin mutum ya raunana amma bai mutu ba.

Duk waɗannan ra'ayoyi sun sauka a gaɓar tekun Nijeriya. Metodis sun iso Badagiri a 1842, 'yan Firesbiteriya magadan Kalbin sun iso Kalaba a 1846, limaman Katolika sun kafa zango a Anacha a 1885. Saboda haka maƙwabci biyu Kirista suna iya bambanta a kan wannan mas'ala kamar yadda Jabariyya da Ƙadariyya suka bambanta a tarihin Musulunci. Abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ce wanda ya ci amana ba shi da alhaki.

Saura batun fansa, wanda shi ne ya fi rikita Musulmi, tun da Alƙur'ani bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma ya koyar da cewa wani ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Wannan bambanci ne na asali, babu amfanin a shafa masa mai. Amma ya kamata a san abin da su Kirista ke nufi. Wasu malamansu na farko sun ce mutuwar Almasihu diyya ce da aka biya don a ƙwato 'yan Adam daga hannun Shaiɗan. Ansalam, babban bishop na Kantabari a Ingila, ya yi watsi da wannan wajen 1098. Ya ce Shaiɗan ba ya bin kowa bashi, shi ma ɗan tawaye ne. Bashin na Allah ne, wanda aka keta alfarmarsa, kuma ya fi ƙarfin ɗan Adam ya biya. Abelar na Faransa ya ce manufar gicciye ita ce nuna ƙaunar da za ta narkar da zuciya ta tuba. Masu bin Luta da Kalbin suka ce Almasihu ya ɗauki hukuncin a madadin masu ba da gaskiya. Ko wanne aka ɗauka, magana ce ta tsakanin bawa da Ubangijinsa. Kuɗin buhun albasa ba ya ciki.

Shaida a kan haka tana cikin Linjilar Luka, sura ta 19. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da ya tuba sai ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu, sa'an nan aka yi masa albishir da ceto. A Katolika, wanda ya je wurin fada ya furta sata wajibi ne ya mayar da kayan ko kwatankwacinsu. Ikilisiyar Deeper Life, wadda W. F. Kumuyi ya fara a Ikko a 1973, ta yi suna wajen matsa wa mabiyanta su mayar da abin da suka ci ba bisa haƙƙi ba, ko da an shekara ashirin.

Kada kuma ɗan Arewa ya yi dariya da yawa, domin shi ma yana da nasa uzurin. Dillalin da ya cinye kuɗin shanun maigidansa yakan ce ƙaddara ce, ko sharrin Shaiɗan ne, alhali malamai sun sha faɗi cewa tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙin mutane, kuma Suratu Ibrahim ta nuna yadda Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa ranar hisabi, ya bar su da zargin kansu. Wanda ya san wannan a addininsa bai kamata ya yi zaton na maƙwabcinsa ya fi sassauci ba.

Saboda haka in irin wannan rigima ta taso, maimakon a mai da ita faɗan ƙabila ko na addini, kamar yadda ƙaramar gardama a kasuwar Shasha ta Ibadan ta zama ƙone-ƙone da asarar rayuka a 2021, ya fi kyau mai haƙƙi ya sanar da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, su kuma su nemi fasto ko fadan majami'ar da mai laifin ke zuwa. A kira shaidu, a faɗi adadin kuɗin a gabansa, a rubuta ranar biya.