A Gyara Ƙwallon Kwandon Mata Tun Kafin 2028

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomin wasanni game da darasin da ke cikin gasar ƙwallon kwando ta mata a wasannin Olimfik na birnin Paris, cikin shekarar 2024.

Jama'a, kowa ya san ƙasar Amurka ce uwa a wannan fage, don tun daga wasannin Atlanta na 1996 ba a raba ta da zinare ba, sau 8 ke nan a jere. To amma a wannan karon sai da ta yi gumi, domin da maki 67 da 66 kacal ta sha da ƙyar a hannun Faransa a wasan ƙarshe. Ashe tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana tana raguwa.

Mu ma 'ya'yanmu na D'Tigress sun nuna haka. Sun doke Ostireliya da maki 75 da 62, suka kuma lallasa Kanada 79 da 70, kafin Amurka ta fitar da su da maki 88 da 74. Su ne ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta taɓa shiga sahun ƙasashe 8 na ƙarshe a ƙwallon kwandon Olimfik. Rabon da su ci wasa a Olimfik tun 2004 a birnin Atens. Har ila yau, mai horar da su, Rena Wakama, ita aka zaɓa gwarzuwar masu horarwa a gasar. Wannan kuwa a shekarar da Nijeriya ta dawo gida ba ko lambar tagulla.

To Malam Edita, tambayata ita ce, shin wa ya shuka wannan abin da muke girba? Gaskiya dai a faɗe ta. A 2021 waɗannan yara sai da suka fito fili suna kukan alawus ɗinsu. A 2022 kuma, saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, gwamnati ta janye Nijeriya daga wasannin duniya. Kafin a soke wannan hukunci aikin gama ya gama, an ba ƙasar Mali gurbinmu a gasar cin kofin duniya ta birnin Sidni. Manya suka yi faɗa, yara suka sha ukuba. Haba jama'a!

Bugu da ƙari, da yawa daga cikin 'yan wasan, har da ita mai horarwar, a Amurka aka haife su ko can suka samu horo. 'Ya'yanmu ne, ba mai musu, kuma mun gode masu. Amma fa gonar wani ce ta ciyar da mu. Makarantun sakandaren 'yan mata nawa ne a jihohinmu ke da filin da za a iya buga ƙwallo a kai?

Kofin Afirka da suka ɗauka a Abijan cikin 2025, karo na 5 a jere, da kyaututtukan da gwamnati ta yi masu, duk abin yabo ne. Sai dai kyauta bayan nasara ba ta horar da 'yar wasa. Don haka nake kira ga hukumomi da su riƙa biyan haƙƙi a kan lokaci, su raya gasar cikin gida, su kuma farfaɗo da wasannin makarantu, tare da tanadin suturar da iyaye za su amince da ita. Wasannin Los Anjalis na 2028 suna nan tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya sa masu abin su ji, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai sha'awar wasanni,
Sabon Gari, Zariya.