A Fito da Talabijin Zaure

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwar da Allah ya ɗan buɗa wa, wai mai mutunci ba ya zuwa gidan kallon ƙwallo. Abin da ya dace da shi, a cewarsu, shi ne ya ware ɗaki a gidansa, ya kafe ƙatuwar talabijin a bango, ya sa DStv da sola, ya cika firji da lemo, ranar wasa ya kira abokai biyar ko shida su turo ƙofa. A Amurka da Ingila irin wannan ɗaki har da kantar giya ake yi masa. Mu nan mun cire giyar mun sa zoɓo da kunun aya da tsire, sauran tsarin kuwa mun kwaso shi ɗungurungum. Ni ban yarda ci gaba ne ba.

A fara duba gidan kansa. Magabatanmu ba a banza suka gina zaure ba: nan baƙo namiji ke tsayawa, matan gida su sake a ciki. Gidajen zamani da yawa ba su da shi, sai falo ɗaya da kowa ke ratsawa. Yawancin wasannin gasar zakarun Turai kuma sai ƙarfe takwas ko tara na dare suke farawa a agogon Najeriya, in an shiga ƙarin lokaci da bugun fenareti a wuce sha ɗaya. Duk tsawon lokacin uwargida na tsare a ɗaki da mayafi a kusa, yaran da za su makaranta da safe suna firgita da ihun ƙarti, gari ya waye wanke-wanke na jiranta. Maigida ya tsare mutuncinsa, iyalinsa suka biya kuɗin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin da aka bar gidan kallon unguwa a ciki. A da, a kan benci ɗaya za ka ga malamin makaranta da tela da ɗan acaba da ma'aikacin banki, wannan na Arsenal wancan na Chelsea. Yaro ba ya iya ɗura ashar ko kunna sigari alhali ƙanin babansa na bayansa. In an kira la'asar ana tsakar wasan Firimiya, babba ɗaya ya miƙe, rabin ɗakin ya bi shi masallaci. To manyan sun janye ɗaya bayan ɗaya, sun bar samari su kaɗai, sannan su ne kuma ke zama a falonsu suna cewa gidan kallo ya zama matattarar 'yan shaye-shaye da caca. Wa ya bar musu wurin? Cacar ma ai a waya take yanzu, tana shiga falon mai kuɗi kamar yadda take shiga rumfar kwano.

Hujjarsu mai nauyi ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. A ranar 17 ga Yuni 2014 bam ya tashi a wurin kallo a Damaturu ana wasan Brazil da Mexico, mutum sama da goma suka rasu, a watan ne kuma jihar Adamawa ta rufe gidajen kallo. A Afrilun 2017 wayar lantarki ta faɗo kan wani gidan kallo a Kalaba ana wasan Manchester United da Anderlecht, ta halaka 'yan kallo. Amma wanda ya kulle kansa a falo kansa kaɗai ya tsirar. Ɗan maƙwabcinsa yana can a rumfa mai ƙofa ɗaya, janareta na hayaƙi a gefenta. Masu faɗa a ji da za su iya tilasta a buɗe ƙofa ta biyu, a gyara wayoyi, a sa mai bincike a bakin shiga, su ne suka daina zuwa.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, masu gidajen kallo ke fama da kuɗin mai da na DStv da ake ta ƙarawa, dole suka ƙara kuɗin shiga. Yaro mai son ganin wasa sai ya tsaya leƙe ta ɓular kwano, alhali a layinsu akwai gidajen da sola ke ba talabijin wuta don mutum shida.

Wanda Allah ya hore wa, ya kai kayan kallon zaure ko ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya gindaya sharuɗɗansa: ba zagi, ba caca, ba hayaƙi, in an kira salla a kashe. Wanda ba shi da zaure ya haɗa kai da mai gidan kallon unguwarsu, ya taimaka masa da faranti biyu na sola da fanka, ranar Asabar kuma ya je ya biya kuɗinsa ya zauna a benci tare da yaran layinsu.