Kimiyya a Gareji: Wanne Za a Mayar, Wanne Za a Yar?

Da yawa daga cikinmu ’yan Limancin Kona, da an ba da hutu sai gareji, koyon kanikanci. Mun sha ganin an sauke inji, mai mota na roƙon a mayar masa da tsofaffin kayan saboda tsadar sababbi. To, ina iyakar wannan?

Mu dubi injin da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, wanda aka fara tayarwa a 1957, irin wanda ke cikin Mazda RX-8. Shi ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. A bakin kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe mai hana iska zurarewa. Da zarar ya cinye, inji ya rasa ƙarfi ke nan, komai lafiyar sauran kayan.

Aikin da ringi ke yi ke nan a baburanmu. Saboda haka duk abin da aikinsa toshewa ne, kamar ringi da gaskit da robar tare baƙin mai, sabo ake sawa. Manyan ƙarafa irin su kiranshaf kuwa, a wanke, a auna, a gwada da adadin da kamfani ya rubuta. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam bai sani ba, don ratar da ake aunawa wani lokaci ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Mu faɗa wa mai mota gaskiya: in an mayar da cinyayyen ringi, hayaƙi zai dawo, a sake sauke inji, ya biya sau biyu.