Rumbun Da Muke Zuba Rubutunmu: Namu Ne Ko Na Aro?

Duk wata jarida, jami'a ko ma'aikata da ke da shafi a intanet, akwai wata manhaja a bayan fage da ke karɓar rubutu, ta adana shi, ta jera shi, sannan ta miƙa shi ga mai karatu. Ita ce masana kwamfuta ke taƙaita sunanta da CMS, wato manhajar sarrafa abin da ake wallafawa. Albarkacinta ne editan da bai san sirrin kwamfuta ba yake buga labari da hannunsa. Abin takaici shi ne, a hukumominmu akan bar zaɓenta ga ɗan kwangila, alhali makomar rubutunmu ta rataya a wuyanta.

Manhajojin nan za a iya kasa su gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda ake ɗauka kyauta, mutum ya girka su a ma'ajiyar da ya zaɓa, ya gyara su yadda ya ga dama. Cikinsu akwai Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya fitar a 2001, da WordPress ta 2003, da Joomla ta 2005. WordPress kaɗai ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Wannan gidan kanka ne, amma yaɓe da gadi duk a wuyanka suke.

Kashi na biyu gidan haya ne, irin su Blogger, wadda Google ya saya a 2003, da Wix da Squarespace. Shiga ba wuya, kula da gida kuma na mai gida ne, sai dai dokarsa za ka bi. Kashi na uku, irin su Strapi da Contentful, rumbu ne zalla ba zaure: suna adana rubutu, sannan a ɗebe shi zuwa shafin intanet ko manhajar waya. Sun dace da manyan kafofin labarai masu ƙwararrun ma'aikata.

To, ina ruwan mai nazarin harshe da wannan batu? Dalilai biyu ne. Na farko, ƙa'idar rubutu. Kafa daban, ƙafa daban. Bari ba ɓari ba ne. Daidai kuma ba ɗaiɗai ba ce. Tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ tun tuni, kuma manhajojin zamani suna karɓarsu. Amma idan aka girka ma'ajiya ba bisa tsarin UTF-8 ba, ko aka zaɓi salon haruffan da babu masu lanƙwasa a cikinsa, sai mai karatu ya tarar da alamar tambaya ko ɗan akwati a tsakiyar kalma. Daga nan sai edita ya gaji, ya yar da lanƙwasar baki ɗaya, yara kuma su tashi suna zaton haka ake rubuta Hausa.

Na biyu, adana tarihi. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, har yau manazarta na samun tsofaffin kwafinta a ɗakunan adana takardu. Amma dandalin Yahoo Groups, inda marubuta da masu sharhin finafinan Hausa suka tafka muhawara a farkon shekarun 2000, an rufe shi a 2020. Wanda bai kwashe nasa ba ya yi asara. Lalle kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, kafin shugaban wata hukuma ya sa hannu a kwangilar shafi, ya kamata ya yi tambaya uku. Shin sunan shafin da mabuɗansa a hannun hukuma suke, ko a aljihun ɗan kwangila? Shin za a iya kwashe rubutun gaba ɗaya zuwa wani wuri ranar da buƙata ta taso? Shin an gwada haruffanmu a kanun labari, da gurbin bincike, da kuma kan wayar talaka? Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su ma su shigo cikin wannan shawara tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.